Yini guda a Daram, amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce jami'o'i biyu sun ba ka gurbin digiri na biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Durham, kuma duk hoton Durham da ka buɗe a waya coci ne ke tsaye a tsakiya, har Hajiya ta fara tambaya ko makarantar mishan za ka. Kana son ka ji ko Musulmi ɗan Kano zai iya zama a gari irin wannan. Bari in fara gyara maka baki: Durham ake rubutawa, amma masu garin Daram suke cewa. Ni a Newcastle nake, minti 15 ne tsakaninmu a jirgin ƙasa, don haka ranar Asabar na sa takalmi na je na taka maka garin da ƙafata.

Tun jirgi bai tsaya ba za ka gane dalilin waɗannan hotunan. Layin dogo ya bi ta kan wata doguwar gada, kana leƙawa ta taga sai ka ga garin a ƙasa, can kan tudu kuma babban cocin da tsohuwar fada suna jere. Kogin Wear ne ya naɗe tudun ta gefe uku, ya bar mashiga ɗaya kacal. Wanda ya zaɓi wurin nan da yaƙi a ransa ya zaɓa. Daga tasha gangara ce har gadar Framwellgate, daga gadar kuma hawa ne, kuma ka saba da wannan tun yanzu, domin a Daram in ba hawa kake ba to sauka kake. Titunan tsakiyar gari shimfiɗar duwatsu ce, in ruwa ya taɓa su sai santsi. Takalmin fata mai sulɓi da muke zuwa ɗaurin aure da shi, ka bar wa ƙannenka a gida.

Na ratsa dandalin kasuwa, na kama titin Saddler mai ƙunci. Mota ba ta cika bi ba, don tun 2002 ake karɓar kuɗi daga mai son shiga da ita, kafin ma Landan ta fara nata. Titin ya ɓulla da ni wani fili mai ciyawa, Palace Green, coci a gabana, fada a bayana. Fadar nan an fara gina ta a 1072, kuma tun 1837 ɗalibai ne ke cikinta. Ba kuskure na yi ba: ɗalibai suna kwana suna cin abinci a ginin da ya doshi shekara dubu. Jami'ar kanta an kafa ta a 1832, kuma ka gaya wa Hajiya bishop, wato babban limamin Kirista na yankin, da shugabannin cocin nan ne suka kafa ta, gaskiya ne, amma yau jami'a ce kamar kowace, babu mai tambayarka addininka kafin ka shiga aji. Tana ma da tsohuwar hulɗa da ɓangarenmu. Daga 1876 zuwa 1967 ɗaliban kwalejin Fourah Bay ta Saliyo digirin Daram suka riƙa karɓa, kuma tun 1957 take riƙe da taskar takardun tarihin Sudan.

To, cocin. Na san abin da ke ranka ke nan. Na shiga, kuma ba wannan ne karon farko ba. Ba a sayar da tikiti a bakin ƙofa, gudummawa suke roƙo, kuma yawancin waɗanda ka gani a ciki masu yawon buɗe ido ne, har da mata masu hijabi suna ɗaga kai suna kallon rufi. Lokacin da suke ibadarsu sukan sanar, mai so ya zauna, marar so ya fita, ni fita nake yi. Hukuncin shiga kuwa ba fagena ba ne, ka tambayi malaminka kafin ka taho, abin da ya ce maka ka riƙe.

A jikin ƙofar arewa akwai wata fuskar tagulla mai kama da ta zaki, da zobe a bakinta. Ta ainihi tana ɗakin adana kayan tarihi na cocin, wannan kwafi ce. A zamanin da, wanda ya yi kisa ko wani babban laifi, in ya samu ya sheƙo ya kama zoben nan ya ƙwanƙwasa, babu mai ikon taɓa shi har kwana 37. A cikin kwanakin zai zaɓa, ko ya tsaya a yi masa shari'a ko ya bar ƙasar. Na tsaya ina kallonta sai na tuna yadda muke ɓuya bayan kaka in Baba ya ɗauko dorina, sai dai ita kaka ba ta ƙidaya kwana.

An aza harsashin ginin a 1093, aka gama jikinsa cikin shekara 40. Ginshiƙan ciki kauri ne da su wanda mutum uku ba za su rungume ɗaya ba, an sassaƙa musu zane, wani kamar igiya, wani kamar zanen jikin ƙwarya. Rufin duk dutse ne a kan bakuna. Ka san yadda maginanmu ke ɗaure bakan gizo da azara a soron sarki, to ka ƙaddara an yi shi da dutse, a ninka tsayin sau da yawa. Dalilin ginin kuwa kabari ne. Wani waliyinsu mai suna Cuthbert, masu zuhudu suka gudo da gawarsa daga tsibirin Lindisfarne saboda harin 'yan Viking, maharan teku daga arewacin Turai, suka yi ta yawo da ita, sai bayan fiye da shekara ɗari suka sauke ta a nan a 995. Yana kwance a ƙarshen ginin ta gabas. A ƙarshen yamma kuma Bede ne, malamin da ya rubuta tarihin Ingila na farko-farko, ya rasu a 735. A zamanin da, bishop-bishop ɗin garin ba limamai kawai ba ne, suna tara runduna, suna buga kuɗi, suna karɓar haraji, saboda sarkin Ingila yana nesa kuma iyakar Sikotilan tana kusa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1650. Bayan yaƙin Dunbar tsakanin Ingila da Sikotilan, sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila, suka kulle fursunonin Sikotilan kusan 3,000 a cikin cocin nan. Sanyi ya sa suka ƙone katakon ciki don jin ɗumi, yunwa da ciwo suka kashe da yawa. A 2013, ana haƙa don gina wurin shan shayi a ɗakin karatun da ke gefen filin, sai aka ci karo da ƙasusuwan wasunsu. Wannan ba ya fitowa a hotunan da ka gani.

Na biya na hau hasumiya. Matakala 325 ce, mai murɗawa, tana ƙara matsewa kana hawa. Na ɗauka wanda ya saba hawan Dala ba zai ji komai ba, ashe tuwon shekaru ya yi aikinsa, sau uku ina tsayawa kamar mai duba waya. A sama ka ga garin gaba ɗaya, kuma a nan ne amsar tambayarka take: ƙarami ne ƙwarai. Ko'ina ƙafa za ta kai ka.

Da na sauko azahar ta yi. Jami'a tana da ɗakin salla, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ana yin Juma'a. Abin da zai ba ka wahala rana ce. A Disamba sai bayan takwas take fitowa, kafin huɗu ta faɗi, tsakanin sha biyu da huɗu za ka yi azahar da la'asar da magariba, sau da yawa kana tsakiyar lacca. A Yuni kuma har wajen goma na dare da sauran haske. Naman halal da garin tuwo da busasshiyar kuɓewa, Newcastle za ka riƙa zuwa, unguwannin yammacin birnin akwai masallatai da shagunan da za ka samu.

La'asar sakaliya na gangara bakin kogi, na bi hanyar ƙafa ta ƙarƙashin itatuwa har gadar Prebends. Ɗalibai suna tuƙa dogayen kwale-kwalensu, ƙararrawar coci tana bugawa. Shiru ne da wurin irin wanda ɗan Kurmi ko Sabon Gari bai taɓa ji ba. Makon farko daɗi, wata na uku kewa. Sai ranar Asabar ta biyu ta watan Yuli garin ke barkewa, ranar bikin masu haƙar kwal, da tutoci da kakaki, duk da cewa ramukan kwal ɗin an rufe su tuntuni.

In ni ne kai, Daram zan ɗauka. Kuɗin da ofishin biza ke son gani a asusunka ya fi sauƙi in ba Landan za ka ba, kuma babu kuɗin mota kullum. Amma kada ka yi wasa da masauki. Ɗalibai sun yi wa garin yawa, a 2022 har kwana suka yi a layi a ƙofar dillalan gidaje. Ranar da ka amsa gurbin, ranar za ka nemi ɗaki a kwalejinka, wato gidan ɗaliban da jami'ar za ta saka ka. Aikin awa 20 a mako da doka ta yarje maka kuwa, ƙaramin gari ba shi da guraben da yawa, kada ka gina lissafin kuɗin makaranta a kansa.

Duhu ya fara kafin in koma tasha, ƙafafuna suna zogi. Ka gaida Hajiya, ka nuna mata hotunan da na tura ta WhatsApp, har da na ɗakin sallar. In biza ta fito ka aiko mini da ranar saukarka, jirgin ƙasa daga tashar King's Cross ta Landan awa uku ne ko ƙasa da haka, ka zauna gefen dama kusa da taga. Ka taho mini da yaji da kuka.