Inshorar Gobara Ga Injin Da Ka Haɗa Da Hannunka

Malam, na karanta wasiƙarka, inda ka ce kana da shagon walda a Kano, kuma injin waldar da na'urar lanƙwasa ƙarfe duk kai ka haɗa su, ba ka da rasit ko ɗaya, ga shi kana son yi musu inshorar gobara.

Rashin rasit ba ya hana ka shiga inshora. Abin da doka ta fi dubawa shi ne gaskiyar bayani, don haka wajibi ne ka rubuta a takardar neman inshorar cewa injinan haɗin gida ne, domin wayar da aka naɗa da hannu tana shafar haɗarin tashin wuta, kuma idan ka ɓoye hakan, kamfani yana da damar ƙin biyanka ranar da tsautsayi ya faɗa.

Ƙa'idar inshora ita ce a mayar da kai matsayin da kake kafin asara, ba a ba ka riba ba. Saboda haka ka lissafa abin da sake haɗa injin zai ci a farashin yau: kilo nawa na jar waya, ƙarfe nawa, fanka, da ladan kwanakin da ka yi kana aikin, sannan a cire abin da tsufa ya rage. Ladan hannun nan shi ne abin da masu sana'a suka fi mantawa, alhali haƙƙinsu ne.

Kada ka rage ƙimar don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Idan kayanka sun kai naira miliyan 2 amma ka rubuta miliyan 1, sannan wuta ta cinye na dubu 600, sharaɗin da ke cikin yawancin takardun gobara zai sa a biya ka dubu 300 kacal, domin rabin ƙimar kayan kawai ka yi wa inshora.

Shawarata ita ce ka kira mai ƙiyasin kadarori mai rajista ya auna injinan, ya rubuta rahoto da hotuna, kana ka nemi kamfanin ya amince da adadin a rubuce tun kafin ka biya, domin inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Ka ajiye kwafin takardun a gida, ba a aljihun teburin shago ba. Idan zuciyarka ta fi natsuwa da takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, akwai kamfanoninsa masu lasisin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya, kuma hukumar tana karɓar ƙorafi idan aka hana ka haƙƙinka.