Man da ke tsiyaya bayan tayar gaba ba laifin robar waje ba ne

Kai yaro, wai ka canza roba da ƙyallen bayan ƙwallo, wato mahaɗar ƙarshen aksil inda tayar gaba ke karya kwana, kawai, tunda nan ka ga mai yana tsiyaya a tsohuwar Land Cruiser 60 ɗin nan? A'a. Robar nan share ƙura da tsare giris ne aikinta. In ka ga abu kamar kunu yana zuba, sil ɗin ciki na bakin aksil, wato zoben robar da ke tare mai, ya mutu, man giya ya tsallako ya narkar da giris. Kwance taya da birki kuwa, wanda bai iya ba ya koma gida.

Irin wannan gajen haƙuri ne ya ci wa garejin nan kuɗi. Wani Alhaji mai jigilar kaya hanyar Tangaza zuwa Gudu ya kawo tasa. Aka nuna masa boris ɗin sama da na ƙasa da ƙwallo ke juyawa a kansu, sun yi rami har farce yana maƙalewa. Ya ce a mayar, tsada. Ya zo da sil jabu a leda, ya rantse na kamfani ne. Boris mai wasa yana barin shaf ya karkace, shaf kuma ya cinye sil ta gefe ɗaya. Kafin damina ta wuce giris ya wanke, rairayi ya shiga, kan shaf ɗin, wato Birfield, ya fara ƙas-ƙas a kwana, ya fashe cikin yashi da lodi a kai. Ya dawo yana rantsuwa aikin gareji ne. Aka sa masa wani kan shaf bashi don a zauna lafiya. Ba kuɗin kaya, ba cikon kuɗin aiki, kuma yana yawo tasha yana ɓata suna. Allah ya isa! Tun daga nan, duk mai motar da ya kawo kayan gyara nasa, ya ɗauki motarsa.

To buɗe kunne. Shim ɗin sama da na ƙasa, wato siraran fallayen ƙarfen da ke wajen boris ɗin ƙwallo, ɗaure kowanne daban da waya, kada ka haɗa. Su ke tsayar da shaf a tsakiyar sil. Sa sabon boris na kirki, Koyo ko Timken, ka ɗaure, sannan kafin ka mayar da robar baya ka maƙala sikeli mai ƙugiya a hannun sitiyari na jikin ƙwallon ka ja. Kilo 3 zuwa 6 ake so. Ku yaran yanzu sai ku girgiza da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya, ku ce ya yi.

Sil na ciki a buga shi a miƙe, a shafa wa leɓensa giris, kuma ka tallabi shaf in za ka zura, kar haƙoransa su yage shi. Baƙin giris mai moli za ka cusa cikin Birfield, ƙwallon kuma kashi uku cikin huɗu, ba maƙil ba. Boris ɗin taya nasa giris daban. Busa ƙaramin bututun numfashi na saman aksil. Ƙurar Sakkwato na toshe shi, aksil ya yi zafi, iska ta turo mai ta sabon sil.

Notin hob, wato cibiyar da taya ke zaune a kai, da soket 54 ake ɗaure shi. Ɗaure, juya hob, sassauta, sake ɗaurewa kaɗan, sa sabuwar washa, ɗaure notin waje a kanta, ka lanƙwasa kunnenta. Na ga sawun cizal da guduma a notin nan, ba kai ba taɓa ɗaya ɓangaren.