An kashe ƙanena a Texas, in nemi a kashe wanda ake zargi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Kano ne, shekarata 14 a birnin Houston na jihar Texas. Wata bakwai ke nan 'yan fashi biyu suka harbe ƙanena a shagon gidan man da yake aikin dare. Ya bar mata da ɗa mai shekara uku. An kama ɗaya ya amsa laifinsa, ya ce abokinsa ne ya yi harbin, aka yi masa alkawarin sassauci in ya ba da shaida. Na biyun ya dage cewa ba ya wurin, kuma a hoton kyamara fuskar maharbin a rufe take. Mai gabatar da ƙara yana son jin ra'ayinmu kafin ya nemi hukuncin kisa. Kawuna ya ce wajibi ne in nema, don Amurka ce kaɗai ta rage a ƙasashen Turawa tana bin hukuncin Allah. Matata da ta tashi a Landan ta ce wannan rashin imani ne. Na kasa barci. Me zan ce musu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan ƙanenka, Ya raya abin da ya bari, Ya ba mahaifiyarku dangana.

Cewa ƙisasi haƙƙi ne kuma afuwa ta fi lada, wannan babu saɓani, kai ma ka sani. Amma ɗan'uwa, a cikin wasiƙarka akwai magana ɗaya da ka faɗa a wuce, alhali ita ce ke riƙe da hukuncin duka: shaidar da ake da ita a kan mutum na biyu daga bakin abokin fashinsa ta fito, kuma an biya shi da sassauci. A shari'a ba a karɓar shaidar fasiƙi a kan jini, balle wanda shaidarsa za ta fitar da wuyansa daga igiya. Ka duba yadda abin ya juye. Wanda ya amsa da bakinsa shi zai tsira da ransa, wanda ya musa kuma ba a ga fuskarsa ba shi za a yi wa allurar guba. Dokar Texas kanta ba ta yarda a hukunta mutum da shaidar abokin laifi ita kaɗai ba sai an sami wata hujja da ta ƙarfafa ta. Matuƙar haka hujjar take, bai halatta gare ka ka nemi a kashe shi ba. Ka nemi a yi bincike, a hukunta wanda laifi ya tabbata a kansa.

Maganar kawunka ita nake so in daɗe a kanta, domin na sha jin ta daga mutanen kirki, kuma kuskure ce. Kama da wane ba ta wane ba. Ƙisasi a hannun waliyyin jini yake: ya so ya nema, ya so ya yafe, ya so ya karɓi diyya. A Texas ƙarar ta jiha ce. Mai gabatar da ƙara ke yanke shawarar neman kisa, mutum 12 da ke taya alƙali hukunci su ke amincewa, kai kuwa ra'ayi kawai ake ji daga gare ka. Wani Musulmi ɗan asalin Bangladesh, Rais Bhuiyan, an harbe shi a fuska a Dallas bayan harin 11 ga Satumba na 2001, ya rayu, ya yafe, ya yi ta fafutukar kada a kashe maharbin, Mark Stroman, wanda aka yanke wa kisa saboda wani mai shago da ya kashe. Aka kashe Stroman a 2011, roƙon bai canza komai ba. To ina ikon da Allah Ya ba waliyyi a nan?

Sannan ƙisasi ba ya tare da tsare mutum shekara ashirin yana jiran ranar mutuwa, abin da ya zama ruwan dare a can. Ba ya bambanta mai kuɗin ɗaukar ƙwararren lauya da talaka. Tun daga 1973 an wanke sama da mutum 190 a Amurka bayan an riga an yanke musu kisa. Kuma ita Amurkar ba baki ɗaya ba ce: kotun ƙolinta ta dakatar da hukuncin a 1972, ta maido shi a 1976, jihohi 23 sun soke shi, har Virginia a 2021, yayin da Texas ta kashe sama da mutum 550 tun 1982. Hukuncin da tsallaka iyakar jiha ke canza shi, kada a liƙa masa sunan hukuncin Allah don a ɗora maka wajibin da Allah bai ɗora maka ba. Na san kawunka zafin rashi ne ke magana a bakinsa, ka bi shi a hankali, amma kada ka bi shi a wannan.

Na san mai ilimi zai ce ai wannan fashi ne, kuma Risala ta ce kisan gilla babu afuwa a cikinsa. Gaskiya ne, haka mazhabarmu ta Malikiyya take. Sai dai wannan yana nufin al'amarin ya bar hannunka ya koma hannun shugaba, kuma haddi ma ba ya tsayawa a kan shubuha. Ta kowace fuska dai nauyin neman kisa ba ya kanka.

Ita kuma maiɗakinka, rabin maganarta tana da tushe. Birtaniya ta daina rataye masu kisa a 1965, kuma cikin abin da ya girgiza su akwai Timothy Evans, wanda aka rataye a 1950 bisa shaidar maƙwabcinsa, daga baya ta bayyana maƙwabcin nan ya kashe mata da dama a gidan. Jamus ta Yamma ta soke hukuncin kisa a 1949 bayan ta'asar mulkin Hitler, Kanada a 1976, Faransa a 1981. Tsoron zubar da jinin marar laifi mun riga su jin sa. Inda muka rabu da su shi ne cewar da suke yi wai babu laifin da ya cancanci kisa. Su ma sun ƙwace haƙƙin iyalan mamaci, sai dai ta ɗaya gefen. Ka ja mata kunne cikin taushi, kada ƙin abin da ake yi a Texas ya kai harshenta ga kiran ƙisasi rashin imani, wannan kalma mai haɗari ce.

Ga abin da za ka yi. Ka je ka sami masu gabatar da ƙara, ka faɗi wane ne ƙanenka da abin da rashinsa ya jawo, ba ƙari ba ragi. Ka tambaye su kai tsaye ko akwai hujja ban da bakin wancan da ya amsa laifinsa. Texas tana da ɗaurin rai da rai marar sassauci tun 2005. In laifi ya tabbata, neman wannan halal ne kuma yana kare mutane. In wata hujja yankakkiya ta fito, ka sake rubuto min, domin amsar za ta canza.

Abin da ba ka tambaya ba kuma ya fi damuna. Kada ka yanke shawara kai kaɗai, ka saurari matar marigayi, ka kuma gaya wa mahaifiyarku gaskiya cewa shari'ar za ta ɗauki shekaru, kada ta zauna tana ƙirga kwanaki. Jihar tana ba iyalan waɗanda aka kashe tallafi; halal ne, amma ba diyya ba ne, kuma abin da aka ware wa yaron amana ce, ka rubuta komai. Kada ka kusanci dangin wanda ake zargi da baƙar magana, ko a waya ko a Facebook. Wata bakwai ba barci ba ƙaramin abu ba ne, ka ga likita a makon nan, wannan ba ya rage tawakkali.

Wallahu a'alam.