Tambaya da Amsa: Kwana biyu gareni a Duwala, zan iya leƙa dutsen nan mai aman wuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Mubi, ina zuwa Duwala ɗauko kaya, kuma wannan karon zan samu kwana biyu ba abun yi kafin kayan su fito. Tun muna makaranta nake jin labarin Dutsen Kamaru wai yana aman wuta, shine nace bari na je na gani da idona. Dan Allah kwana biyun zasu isa na hau har can ƙololuwa? Kuma zan ga wutar kuwa? Nagode.

AMSA: Wa'alaikumussalam Alhaji. Toh bari mu fara da wutar, tunda na san ita ce ta ja ka. Ba zaka ganta ba. Dutsen yana da rai, wannan gaskiya ne, ya yi aman wuta a 1922, 1959, 1982, 1999 da 2000, amma tsakanin wannan da wancan shiru yake yi abun sa, sai hazo da ciyawa da baƙaƙen duwatsu. Wanda ya ce maka zaka tsaya bakin rami kana kallon jan wuta na tafasa kaman a bidiyo, wlh kuɗinka yake so.

Maganar ƙololuwa kuma, ni dai shawarata ka cire ta daga lissafi. Tsayin dutsen ya haura mita 4,000, duk yankinmu na yammacin Afirka ba wanda ya kai shi, garin Buya da ake fara hawa daga shi kuma yana wajen mita 1,000 ne kawai, kaga kenan kusan mita 3,000 zaka taka da ƙafarka kuma ba hanya ce mai kwana-kwana a hankali ba, miƙewa take yi sama ɗoɗar. Masu zuwa ƙololuwa kwana biyu zuwa uku suke warewa na hawan kaɗai, su kwana a bukkokin da aka gina a hanya, ga sanyi da daddare wanda mutumin Mubi bai san irin sa ba ko a tsakiyar hunturu. Eh, akwai masu gasar gudu da ake yi duk shekara wajen watan Fabrairu tun 1973, su hau su sauko cikin awa huɗu da wani abu, har wata mata Sarah Etonge ta ci sau bakwai, amma su shekara suke yi suna atisaye akan dutsen, kai kuma daga shago zaka taso. Kar su ruɗe ka.

Ga yanda zan raba kwana biyun da ni ne. Ranar farko kayi sammako daga Duwala, Buya bata wuce kilomita 70 ba amma fitowa daga Duwalan ta gadar Bonaberi kaɗai tana iya cin awa in go-sulo ya kama. Kana isa ka nemi ɗan jagora mai rajista, a biya kuɗin shiga tunda gandun gwamnati ne tun 2009, ku hau zuwa bukka ta farko ku dawo. Wannan tafiyar yini ɗaya ce, cikin kurmi zaku ratsa, bishiyoyi sun sha gansakuka, ƙasa baƙa wuluk mai santsi, in an yi sa'a hazo ya yaye sai ka hango Buya a ƙasa da teku can nesa. Kuma batun ɗan jagora ba wai don a ci kuɗinka bane, hazon dutsen nan cikin minti kaɗan yake rufowa ka kasa ganin wanda ke gabanka, mutanen Bakweri da suka tashi a gindinsa su suka san hanya.

Rana ta biyu ita ce ma nafi so ka riƙe. Ka gangara garin Limbe da ke bakin teku ka ɗauki hanyar Idenau zuwa wajen ƙauyen Bakingili, nan ne narkakken dutsen da ya malalo a 1999 ya zo ya datse kwalta ya tsaya saura ƙiris ya faɗa teku, dole aka karkatar da hanyar ta zagaye shi. Tudu ne guda na baƙin dutse, ya fi gida tsayi, a tsakiyar gonakin kwakwar manja, in ka ɗauki ɓallin dutsen a hannu zaka ji shi duk huji-huji da kaushi kaman gawayin da ya sha wuta, yana iya yanka tafin hannu in kayi wasa. Anan ne mutum yake gane abun da ake nufi da aman wuta, kuma ba wani hawa mai wahala. In kun dawo ku tsaya bakin ruwa a Limbe, yashin ma baƙi ne saboda dutsen, ku ci gasasshen kifi, shikenan an huta da tambayar wa ya yanka.

Sai lokaci. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris ake zuwa. Da damina kar ma ka fara, gefen dutsen ta wajen Debundsha ruwan da ake yi a shekara yana kai milimita 10,000, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya. Sannan abun da ba zan ɓoye maka ba, Buya da Limbe suna yankin masu Turancin Ingilishi ne inda ake rikici tun 2016, kuma ranar Litinin an saba zaman gida dole, shaguna a rufe motoci basa fita. Kar ka sa tafiyarka ranar, kar kayi tafiyar dare, takardunka su kasance a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro, kuma kafin ka tashi ka tambayi ƴan uwa Hausawa da ke Duwala yanda hanyar take a satin.

TAMBAYA: Malam mu a Maraɗi muke, maigida yana so ya kai mu Limbe hutu da yara, ni kuma tsoro nake ji, ba a can bane iska ta kashe mutane suna barci?

AMSA: Hajiya abun da kike tunawa tafkin Nyos ne, a watan Agustan 1986, iskar gas ta taso daga ƙarƙashin ruwan ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi masu yawa. Amma Nyos yana can yankin arewa maso yammacin Kamaru ne, tafiya ce mai nisa daga Limbe, duk da dai jerin duwatsun ɗaya ne. Shi Dutsen Kamaru da ke kusa da Limbe in zai tashi yakan fara da girgizar ƙasa, kuma narkakken dutsen a hankali yake gangarowa, na 1999 sai da yayi makonni kafin ya iso kwalta, har aka samu damar kwashe mutanen ƙauyen.

Yara kam kar a hau da su, haka mai asma ko hawan jini ko mai juna biyu. Bakingili ta ishe su kallo, ga lambun itatuwa da Jamusawa suka kafa a Limbe tun 1892, ga gidan namun daji inda ake kula da gwaggon biri. A sa musu takalmi kambas, silifa bata jure wannan dutsen. Ku tafi da katin rigakafin shawara, kuma ki faɗa wa maigida sefar Nijar daban take da ta Kamaru, darajar ɗaya ce amma mai tasi a Limbe ba zai karɓi taku ba, sai an canza.