Surar da Aka Ba Su, da Tafiyar da Suka Nemo

Ɗana, jiya da muna rufe shago ka tsayar da ni da tambayar da ban samu sukunin amsawa ba. Ka ce ƙanenka ya maƙale wa katun ɗin dainoso mai suna Jurassic World Camp Cretaceous, kuma ka ji labarin cewa masu shirin ba su zana dabbobin daga farko ba, daga manyan finafinan Jurassic aka miƙo musu su. Sai ka ce, to ina wahalar, tunda an ba su abu a shirye? Na kwana da maganar, domin irin wannan tunanin ne yake hana naka aikin katun tashi daga inda yake.

Abin da ka ji gaskiya ne. Kamfanin DreamWorks Animation ne ya shirya shi, Netflix ta fara nunawa ranar 18 ga Satumba 2020, aka yi zango 5, kashi 49, aka rufe a Yulin 2022. Labarin matasa 6 ne da aka kai sansanin hutu a tsibirin Isla Nublar, daidai lokacin da abubuwa suka rikice a fim ɗin Jurassic World na 2015, aka kwashe jama'a aka bar su. Surorin dabbobin kuwa sun samo su daga Industrial Light & Magic, waɗanda suka ƙera na finafinan. Amma dabbar da aka ƙera don fim, an yi ta ne ta tsaya kusa da mutum na gaske a babban allo, kowane ɓawon fata da kowace jijiya a wurinta. Idan ka ajiye ta haka kusa da yaron katun mai manyan idanu da santsin fuska, sai ka ga kamar daga duniya biyu suka fito. Ga kuma nauyinta a kan kwamfuta. Yi lissafin da kanka: hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, kashi mai minti 22 ya zama hoto 31,680, kuma kowanne sai an yi masa rendarin, wato kwamfuta ta fitar da cikakken hoton. Fim yana nuna dabbar na ɗan lokaci ya ɓoye ta, shirin talabijin kuwa kashi bayan kashi take fitowa. Dole suka sauƙaƙa surorin, suka rage tarkacen fata, ba tare da yaro ya kasa gane dabbar da ya sani ba. Rage abu ya fi ƙara shi wuya, za ka gane haka ranar da aka ce ka yi.

To ko an gama wannan, mutum-mutumi kawai gare ka. Sai an saka mata ƙasusuwan motsi a ciki, an ɗaure fata a kansu, an gwada ko gwiwa za ta lanƙwashe ba tare da cinya ta murɗe kamar tsumma ba. Daga nan ainihin sana'armu ta motsa katun take farawa, domin babu wanda ya taɓa ganin tafiyar dainoso. Ƙasusuwa aka tono, sai sawun ƙafa a kan dutse. Tafiyar sai ka nemo ta a jikin masu rai: giwa don nauyi, kada don motsin wutsiya, jimina da kaza don masu ƙafa biyu, tunda masana sun tabbatar tsuntsaye daga zuriyarsu suka fito.

Nan nake so ka daɗe. Na ga gwajin da ka yi makon jiya, dabbarka tana shawagi a kan ƙasa kamar ledar da iska ta ɗauka. Babbar dabba ba ta ɗaga ƙafa sai ta fara mayar da nauyinta kan ɗayar, ƙugu ya karkata, sannan ƙafar ta tashi. Idan ta sauka, yatsu su baje, naman cinya ya girgiza bayan ƙashi ya riga ya tsaya, wutsiya ta iso daga baya. Ba ta juyawa farat ɗaya, ba ta tsayawa cak. Ni ma na sha wannan kunyar a farkon aikina. Wani mai talla ya sa na yi masa bijimi yana tafiya, na kwana biyar a kai, ya duba sau ɗaya ya ce wannan sa ba ya taka ƙasa. Na ji zafi, amma gaskiya ya faɗa. Washegari na tafi kara na zauna tun safe har azahar ina kallon yadda tozo yake rawa bayan kafaɗa ta tsaya. Abin da na gani ranar har yau da shi nake cin abinci.

Duba ƙaramar Ankylosaurus ɗin nan da yaran suka raɗa wa suna Bumpy. Ƙullutun kanta ba daidai suke ba, ɗaya ya fi ɗaya, kuma da gangan aka yi, don yaro ya gane ta ko a cikin garke. A zango na biyu ta girma, wato sabuwar sura, sabbin ƙasusuwa, sabuwar tafiya mai nauyi, amma yadda take karkata kai da yadda take manne wa Ben, ɗaya daga cikin yaran, bai canja ba. Wannan halin babu wanda ya miƙo musu shi a fayil.

Ka lura kuma da tufafin yaran. Kusan kaya ɗaya suke sawa kashi bayan kashi. A sana'armu kowace sabuwar riga kuɗi ce da lokaci, sai an ƙera ta, an gwada yadda take bin jiki. Labarin ya rufa musu asiri, tunda wanda aka bari a tsibiri ba shi da akwatin canji. Sai suka mayar da ƙarancin ya zama riba: kayan suna ƙara datti da yagewa, mai kallo yana jin daɗewar kwanaki ba tare da an faɗa masa ba. Ina girmama irin wannan dabarar ƙwarai.

Steven Spielberg yana cikin manyan masu kula da shirin, tare da Colin Trevorrow da Frank Marshall, kuma ya nemi kada a yi abin lallashin yara wanda babu haɗari a cikinsa. Don haka ana mutuwa a shirin. Amma ba ka ganin jini. Kyamara tana komawa kan fuskar yaron da ya gani, ko kan inuwa, ko a bar ka da sauti kaɗai. Shi kansa sautin haɗawa ake yi: kukan dainoson nan Tiranosorus na fim ɗin Jurassic Park na 1993, mai haɗa sauti Gary Rydstrom ya haɗo shi daga kukan ɗan giwa da damisa da kada. Muryoyin 'yan wasa ma su ake fara ɗauka, a ɗora a kan zanen labari, a daidaita lokaci, kafin mai motsi ya taɓa komai. Kai kuwa kana fara motsa baki sannan ka nemi murya, shi ya sa ba sa haɗuwa.

Akwai wata dabba da ta shafe mu. A zango na uku, na 2021, an fito da Ouranosaurus, mai doguwar tunga a gadon baya kamar filafilan jirgin ruwa. A Nijar aka tono ta, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, yankin Agadas, kuma Bafaranshe Philippe Taquet ya ba ta suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. Tsirrai da ganye take ci, amma a shirin garkenta ya far wa yaran da faɗa. Ni da na so a ba ta ƙarin lokaci a natse, yaranmu su ga yadda take kiwo. Da na gan ta a allo na tsayar da hoton na daɗe ina kallo. Ƙashin ƙasarmu ne ya je har Amurka aka sa masa nama, aka koya masa tafiya, alhali mu da muke kusa da wurin ba mu yi ba tukuna.

Gobe kada ka kunna kwamfuta da safe. Ɗauki littafin zanenka ka je bayan gida inda kajin maƙwabta suke kiwo. Zaɓi zakara ɗaya, ka zana mini takunsa guda takwas, daga ɗaga ƙafa zuwa saukarta, ka kula da yadda kansa yake tsayawa wuri ɗaya jiki ya iso shi. Bayan la'asar ka kawo, mu ɗora wa dabbarka, mu ninka jinkirin sau uku mu ga ko za ta taka ƙasa.