Solar mai madubi da ke ba da wuta da ruwan zafi: Alhaji, dakata tukuna

Wani Alhaji mai masaukin baƙi nan cikin Sakkwato ya turo tambaya, wai dillali ya nuna mishi bidiyon wata na'ura ta sola mai madubai da ke tara hasken rana wuri guda, tana ba da lantarki kuma tana dafa ruwa lokaci ɗaya, yana son sanin ko ya zuba jari ya yo odarta daga waje.

To Alhaji ranka ya daɗe, abun gaskiya ne ba damfara ba. Madubin ko gilashin yana tattara rana kan ƴan ƙananan sel masu tsada, wato ƙwayoyin da ke maida hasken rana wuta, su kuma sai su yi zafi sosai, don haka ake bi da ruwa ta bututu bayansu yana sanyaya su, wanga ruwan shi ne ruwan zafin da za ka samu. Fanel ɗin da muka saba da shi kusan kashi 20 cikin 100 na rana kawai yake maida wuta, saura zafi ne da ke tafiya banza, ka ga a takarda dabarar ta yi kyau.

Amma fa ita wagga na'ura hasken da ya fito kai tsaye daga rana kaɗai take ci, shi ya sa dole a sa mata mota, wato ɗan injin lantarki, da ke juya ta tana bin rana daga safe har yamma. Yanzu ka tuna Sakkwato. Yaushe baƙinka ke neman ruwan zafi? Lokacin hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, kuma lokacin nan ne hazo ke rufe sama, rana ta koma fari-fari, ƙura ta kwanta kan madubi kullum sai an wanke, ita kuma motar ƙura ta shige ta. Fanel na gama-gari ko da hazo yana ɗan kawo wuta, na'urar madubin kam sai ta yi kasala. Da bazara ta shigo, Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, nan ne za ta yi ta tafasa ruwa, to wa zai yi wanka da shi? Zafin da ba ka da mai saye ba kuɗi ba ne.

Ga batun gyara, in ta tsaya wane makanike za ka kira, sifeya kuma sai daga waje da dala. Ko Turai ma manyan kamfanoni sun ja baya, Soitec na Faransa ya bar harkar sola mai tattara haske a 2015, don fanel na gama-gari ya yi araha ƙwarai har ya kashe musu kasuwa.

Ni dai da kuɗina ne, raba su zan yi. Fanel da inbata da batir don fanka, firij da fitilu, sannan hita mai bututun gilashi bisa rufi don ruwan zafi, babu abun da ke motsi cikinta balle ya lalace. Kafin ka biya, ka leƙa cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tun 1982 suke aikin hita da na'urar busar da kaya ta rana, su auna maka yawan ruwan da ɗakunanka ke sha a rana.

Wanda zan ce ya sake duba maganar shi ne mai buƙatar ruwan zafi duk shekara, kamar babban gidan wanki ko asibiti, shi ma sai dillalin ya nuna mishi inda irinta ke aiki cikin ƙura irin tamu, kuma ya sa hannu kan garanti da alƙawarin gyara a rubuce.