Annabi Adamu ko Annabi Nuhu, wane ne na farko?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki ya dawo daga Islamiyya yana cewa Annabi Nuhu ne manzon farko, ke kuma tun kina yarinya Annabi Adamu kika sani, har kin fara shakkar karatun malamin. Ki kwantar da hankalinki, malamin bai yi kuskure ba, ke ma haka. Na daɗe ina karantar da yara a Islamiyyar unguwarmu, kuma da wuya mu zo kan imani da manzanni wani uba bai biyo ɗansa da wannan ƙorafin ba.

Annabi Adamu (AS) shi ne annabin farko. Ibn Hibban ya ruwaito daga Abu Umama cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko Adamu annabi ne, ya ce eh, kuma wanda Allah Ya yi wa magana. A Ali Imrana aya ta 33 ma da sunansa aka fara cikin zaɓaɓɓun Allah, sannan Nuhu.

Maganar malamin kuwa daga hadisin ceto ta fito, wanda ke cikin Bukhari da Muslim. Idan tsayuwar alƙiyama ta tsananta, mutane za su fara zuwa wurin Adamu, su ce kai ne uban mutane, Allah Ya halicce ka da hannunSa, Ya sa mala'iku suka yi maka sujada, ka nema mana ceto. Zai tuna cin itaciyar nan, ya tura su wurin Nuhu, su kuma su kira Nuhu da farkon manzanni zuwa ga mutanen ƙasa.

Abin da ya haɗa maganganun biyu shi ne halin da mutane ke ciki a kowane zamani. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa ƙarni goma ne tsakanin Adamu da Nuhu, duk a kan tauhidi, kuma da wannan malamai da yawa suka fassara Baƙara aya ta 213, inda aka ce mutane sun kasance al'umma ɗaya. Adamu kamar mai gida ne da ke karantar da 'ya'yansa da jikokinsa, babu mai ja da shi a kan kaɗaita Allah. Daga baya aka sami wasu salihan bayi biyar, Wadda da Suwa'u da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, sunayensu na cikin Suratu Nuh aya ta 23. Da suka rasu, Shaiɗan ya raya wa mutanensu su kafa musu siffofi a wuraren da suke zama. Waɗanda suka kafa ɗin ba su bauta musu ba. Sai da suka shuɗe, ilimi ya ɓace, 'yan baya suka mayar da su abin bauta. Ga waɗannan aka aiko Nuhu, shi ya sa ake kiransa manzon farko, ya zauna cikinsu shekara 950 yana kira.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ba yara labarin Annabi Adamu kamar tatsuniya: an ƙera shi da laka, ya ci itaciya, an sauko da shi, shi ke nan. Annabcin sai a bar shi a gefe, alhali a nan nauyin yake. Da mutumin farko ya zama annabi, ke nan ɗan Adam bai taɓa kwana ɗaya a doron ƙasa ba tare da shiriya ba. Tauhidi ne ɗan gida, shirka daga baya ta shigo. Tun kafin ya sauko Allah Ya sanar da shi sunayen abubuwa, lokacin saukowar kuma aka yi alkawarin cewa shiriya za ta riƙa zuwa, wanda ya bi ta babu tsoro a kansa. Wannan alkawari ne ya ci gaba har aka rufe annabci da Annabi Muhammadu (SAW).

Sai tuba. Shi da Nana Hauwa'u suka ce "Rabbana zalamna anfusana", addu'ar da ke A'arafi aya ta 23, Allah Ya karɓa. Ɗaha aya ta 122 ta ce Ubangijinsa Ya zaɓe shi, Ya karɓi tubarsa, Ya shiryar da shi. Shi ya sa a Musulunci babu jaririn da ake haifa da laifin kakansa a wuya.

A aji kullum sai an sami yaron da zai ɗaga hannu ya ce mata ne suka jawo mana fitowa daga Aljanna, 'yan matan su yi tsuru-tsuru. Nakan sa shi ya buɗe Baƙara aya ta 36 ya karanta da ƙarfi, ya ji da kunnensa cewa su biyun Shaiɗan ya zamar da su. Alkamar da ake cewa ita aka ci ma, Alƙur'ani bai faɗi irin itaciyar ba.

Idan ɗanki ya tambaye ki yawan annabawa, 25 aka ambata da suna a Alƙur'ani, 18 daga ciki a jere a An'am aya ta 83 zuwa 86. Adadin 124,000 da ake yawan faɗa yana cikin Musnad na Imam Ahmad, amma malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinsa, don haka ni a Gafir aya ta 78 nake tsayar da yara: akwai waɗanda aka ba mu labarinsu, akwai waɗanda ba a ba mu ba.

In kina da tarjamar Shehu Abubakar Gumi a gida, ku zauna bayan magariba ku karanta Baƙara daga aya ta 30 zuwa 39, shi ya ja baƙi, ke ki karanta masa Hausar.